Makulli Uku na Jak Ɗin Baba

Ƙarfe goma na safe aka bugo waya ofis cewa mota ta danne wani bakanike a gareji, ko shurawa bai yi ba. Shugaban ofis bai ma ɗago kai daga takardunsa ba.

"Sufeto, ai garejin marigayi mahaifinka ne. Tsautsayi ne kawai. Je ka rubuta rahoto, ka yi wa yayanka ta'aziyya, ka dawo."

Sufeto ya tafi da Saje, wata mace mai shegen son tambaya. Shi ya koya mata aiki da hannunsa. Kullum yana ce mata ta bar zato, ta samo magana biyu tabbatattu ta jera, ta ukun za ta fito da kanta ko ana so ko ba a so.

Dogo ne ya rasu. Mutum uku Baba ya koya wa gyaran mota: Yaya, da Dogo yaron maƙwabta, da shi Sufeto, wanda ya guje wa baƙin mai ya sa kaki. Da Baba ya rasu, Yaya ne ya zame wa Sufeto uba, ya riƙe shi har ya zama mutum.

Suka tarar an ɗaga motar an janye gawar. Yaya na zaune kan tsohuwar taya, ya zuba tagumi. Tun da 'yarsa ta rasu a hatsarin mota bara ya zama kamar ba shi ba.

"Yaya, kana ina abin ya faru?"

"Ina kasuwa wajen masu kayan gyara. Na dawo na iske taro."

Saje ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin motar. "Yallaɓai, marigayin yakan shiga ƙasan mota ba tokari?"

"Haba! Baba da bel yake zane mu a kan haka. Sai ka sa gungumen katako biyu kafin ka sa ko yatsa."

"To ga sawun gungume biyu a cikin man da ya zuba. Su gungumen fa?"

Suna can kusurwa inda suka saba zama, babba a ƙasa, ƙarami a sama, gindinsu jiƙe da ɗanyen mai.

"Mamaci ba ya mayar da katako wurinsa," in ji Saje. "Katako kuwa ya koma. Ke nan..."

"Ke nan wani ya mayar," Sufeto ya ƙarasa.

Suka leƙa rumfar mai faci da ke jikin garejin. Kowa ya san sun yi cacar baki da Dogo makon jiya a kan wurin aje tayoyi.

"Yau ka shiga garejin?"

"Ni? Wallahi ko ƙofar ban kalla ba, ranka ya daɗe."

Saje ta ɗago wata sifana daga cikin kayansa. Akwai jan fenti a kanta, alamar da ke jikin duk kayan garejin. Mai faci ya fara zufa.

"Aro na je, wajen ƙarfe tara. Na rantse da ransa na bar shi, har yana waƙa a ƙarƙashin motar."

Allah ya yafe masa, Sufeto ya ji wani sanyi a ransa. Ga maƙaryaci, ga tsohuwar gaba, me kuma ake nema? Ya tasa shi gaba zuwa gareji, ya nuna masa motar a ɗage kan jak, ya ce ya sauke ta.

Mai faci ya gwada sifana ɗaya bayan ɗaya, duk suna zamewa. Saje ta tsugunna ta duba notin da ake murzawa a sauke jak ɗin.

"Kusurwa uku gare shi. Kafin wannan bawan Allah ya taɓa shi ko ƙwarzane babu. Da me ake buɗe shi?"

Sufeto ya ce tun da daɗewa notin asali ya cinye, Baba ya ƙera wannan, ya ƙera masa makulli uku, kowane almajirinsa ɗaya.

"Na Dogo yana aljihun wandonsa, Kofur da ya riga mu zuwa ya rubuta," in ji ta. "Naka fa, Yallaɓai?"

Ya ciro makullan motarsa. Ga shi nan a cikinsu, ɗan baƙin ƙarfe da ya aje don tunawa da Baba. Shi kuwa tun ƙarfe bakwai yana ofis, a gaban idonta.

"Wataƙila an yi na huɗu," ya ce.

"Wa ya yi?"

"Wataƙila jak ɗin ne ya saki da kansa."

"Ya saki, sannan ya jera katako a kusurwa?"

Sufeto ya bi maganganun ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda za ta karye, kamar mai lalube a aljihun da ya san babu komai. Babu wadda ta karye. Bai taɓa tsanar aikinsa ba irin na wannan rana.

Saje ta rage murya. "Ni ban rubuta komai ba tukuna, Yallaɓai."

Sufeto ya taka zuwa wurin tsohuwar tayar.

"Yaya, ina makullinka na jak?"

"Ya ɓace tun watan jiya."

"Wannan igiyar ta wuyanka fa?"

Yaya ya kai hannu ya dafe makullin da ke rataye a ƙirjinsa. Ya dubi kusurwa, ya yi wani murmushi mara daɗi.

"Katakon ne, ko? Wallahi ban san na mayar da su ba. Hannuna ne ya yi."

"Me ya yi maka?"

"Shi ya gyara birkin motar da ta kashe mini 'ya. Yau yana kwance a ƙasan nan, don ba ya iya kallon idona, ya ce akwai notin da ya manta bai ɗaure ba. Tun ranar ya sani. Shekara guda yana cin abinci a gidana, yana ce mini ƙaddara ce." Muryarsa ta karye. "Na ɗaga motar kaɗan, na zare katakon. Ya ɗauka wasa nake. Ya kira sunana sau ɗaya, na sa makullin na saki jak ɗin."

Sufeto ya ciro ankwa, hannunsa ya ƙi. Saje ce ta karɓa ta sa, Yaya kuwa ya miƙa mata hannuwa ba musu.

Suka rufe garejin, suka sa Yaya a bayan mota. Sufeto ya tada inji, hawaye na zuba, bai damu ya share ba. Sun ɗan yi nisa Yaya ya karkata kai yana saurare.

"Ƙane, injin nan naka yana ƙara. Ka kai a duba maka kafin ya buga."

"In kai wa wa, Yaya?"