Angon Da Ba Ya Shiga Rana

Namijin da ba zai iya tsayawa a rana ba bai isa ya riƙe mace ba. An yi bincike an tabbatar da haka. Wanda ya yi binciken kuwa shi ne Baba, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna titi da hular kwano a ka, har ya yi ritaya da baƙin wuya da cikakken sanin halin 'yan Adam.

'Yarsa ta uku tana ɗinkin labule a wani shago kusa da babban asibiti. Wata rana, bayan faɗuwar rana, tana shirin rufewa, wani saurayi ya shigo da riga mai dogon hannu, safar hannu, baƙin tabarau da hula mai faɗi.

"Labule nake so wanda haske ba ya ratsawa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"'Yan sanda ke nemanka?"

"Ciwon daji ne, a mafitsara," in ji shi, kamar mai faɗin lambar takalminsa.

Ta ɗauko tef ta tambayi faɗin tagar. Yana nuna mata da hannu yana bayani. A maɗaba'a yake aiki, cikin tawada da sinadarin wanke inji, har wata safiya fitsarinsa ya fito ja. Likita ta haɗa masa magani biyu. Ana yi masa allurar da ke sa ƙwayoyin cutar su kasa jure haske, a zura siririn bututu mai fitila cikin mafitsarar a ƙone su, sannan kemo, maganin daji mai sa amai, ya biyo baya ya share ragowar. Matsalar ita ce allurar ba ta san bambancin mafitsara da fuska ba. Makonni bayanta, duk inda rana ta taɓa a fatarsa sai ya ƙone.

"Wato suna kunna maka fitila a ciki, su kashe maka ta waje."

Ya cire tabarau ya dube ta. Tun da aka gano ciwon, ita ce ta farko da ba ta ce masa sannu ba.

Taga ɗaya ce a ɗakinsa, amma ya dawo shagon sau da yawa. Daga baya waya ta karɓi aikin.

"Jemage, ka farka?"

"Na farka, Mai Labule. Yau abinci ɗanɗanon cokali yake yi."

"Ka ci cokalin, yana da ƙarfe."

"Ba na jin komai kwanan nan. Ba tsoro, ba yunwa. Sai dai idan wayar ta yi ƙara nakan duba da sauri."

"Wannan ma wani abu ne. Ka riƙe shi."

Da maganar aure ta kai gida, sai da ta faɗi komai, ba ta rage ba. Mama ta ajiye tsintsiya ta zauna. Baba kuwa ya nuna girmansa.

"Ciwo na kowa ne. Ni ba jahili ba ne, ba zan ƙi mutum don ciwo ba. Amma saurayin da ba ya zuwa gaisuwa sai duhu ya yi, da safar hannu kamar mai fasa shago?"

"Baba, maganin ne."

"Ni ma na sha magani a rayuwata. Ban taɓa jin wanda ya hana ni zuwa aiki ba."

Dama akwai wanda Baba ke so: ɗan abokinsa, mai saka sola a kan rufin gidaje, wanda rana ta gasa har ya yi ƙyalli. Da tsakar rana yake zuwa, a ba shi kujera a inuwa ya ce a'a, nan ma ya yi. Baba yana kallonsa kamar titin da aka gama shi a kan lokaci.

Labarin mai sola ya isa ɗakin Jemage a makon kemo, yana kwance da bokiti a gefen gado. Ya daina amsa saƙo. Bayan kwanaki ya aiko guda:

"Ki auri mai lafiya. Ba fushi nake yi ba. Ba ni ma da ƙarfin fushi."

Ta ajiye wayar. Ta rufe shago, ta je ta ɗauki yayarsa, suka shiga ɗakin tare. Ta zauna a kujerar roba ta dubi bokitin, ta dube shi.

"Mai lafiyar nan ya yi min bayanin batir har kaina ya yi ciwo. Kai aƙalla idan ka fara magana amai yakan katse ka."

Ya yi wani sauti. Yayarsa ta ce rabonta da jin dariyarsa tun kafin asibiti, ko da yake ba ta rantse dariya ce ba.

Mama ce ta gama da Baba, ta hanyar daina yi masa magana sai abin da ya zama dole. Ya jure iya jurewarsa, sannan ya sanar cewa shi da kansa ya sake nazari. Ya sa rana, da sharaɗi ɗaya: ba za a ɗaga ta ba ko da kwana guda, domin shi bai taɓa ɗaga ranar miƙa aiki ba.

Ranar ta yi daidai da hutun magani. Sai injin hasken asibitin ya lalace, aka jira kayan gyara, zagaye na biyu na allurar ya matso har ya zauna dab da bikin. Likita ta duba fuskar Jemage ta ce, "Ka yi aurenka, amma a cikin ɗaki. Ka ji ni? Ko bakin taga ban yarda ba."

A cikin ɗaki aka yi, babban zaure mai fanka da labulen da amarya ta ɗinka. Komai ya tafi daidai har mai hoto ya ce hasken ciki bai isa ba. Baba ya miƙe ya gyara riga.

"A fita tsakar gida. Ango, cire safar nan da tabarau. Hoton da jikokina za su gani ne."

"Baba, likita ta ce..."

"Hoto ɗaya ne, 'yar nan. Rana ce fa, ba wuta ba."

Mai sola ma yana cikin baƙi, ya zo da kyautar fitila. Amarya ta kama hannun rigar ango ta ce a hankali, "Jemage, kar ka fita. Ni zan ji da shi."

"Kin ji da shi wata da watanni," in ji shi. Ya cire safar ya miƙa mata.

Hoto ɗaya, kamar yadda kowa ya sani, yana nufin dangin uwa, dangin uba, abokan aikin Baba na da, da wata gwaggo da ta rufe ido aka sake. Amarya ta yi ta matsawa gaban ango don inuwarta ta faɗa masa, mai hoto yana ta mayar da ita gefe. Ango ya tsaya cak. Ya yi murmushi duk lokacin da aka ce a yi. Baba ya dafa kafaɗarsa, ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gani? Dama shagwaɓa ce."

Kafin yamma bayan hannuwansa sun kumbura, goshinsa da hancinsa sun yi bororo. Washegari likita ta duba, sannan ta ce kemo na gaba zai jira sai fata ta warke. Amarya ta tambaya ko jiran yana da haɗari. Likita ta ce da ba a jira ba ya fi.

Suna zaune a bencin asibiti saƙo ya shigo wayarsa. Hannuwansa na naɗe da bandeji, ita ta buɗe ta karanta masa.

"Ɗana, hotuna sun fito da kyau. Jiya ka nuna kai namiji ne. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari."

"Me zan ce masa?"

"Ki ce amin."

Ta rubuta, "Amin, Baba. Mun gode." Ta sa wayar a jaka, ta buɗe robar ruwa ta kai masa baki, ya sha.