Takalman Gaban Layi

A shekarar da damina ta ƙi zuwa, soja kuma suka karɓi ƙasa, Mutari mutumin Kanambakashe ya iso tashar Tasawa da rabin buhun jar dawa a ka. Dawar taimako ce, kuma sai da ya sha rana kafin ya same ta. A gida ya baro 'yarsa Zara'u kwance, yunwa ta ci ta har kuka ba ta iyawa. Ba abin da ke ransa sai ya kai mata abincin nan tun tana iya haɗiya.

Tashar Tasawa tana da al'adarta. Mutum ba ya tsayuwa a rana. Takalmansa yake ajiyewa bayan na wanda ya riga shi, ya koma inuwar dogonyaro, in mota ta zo kowa ya sa nasa ya shiga bi da bi. Amma fa wannan a da ne. Da isansi, wato man mota, ya yi wuya, kamyo, babbar motar da ke ɗibar mutane da kaya, ya zama sai an ga dama, kunya ta yi ƙaura. Mai ƙarfi ya shure na mai rauni, wani ya haye ta gefe, tsofaffi suna kallo ana tattake musu takalma. In jandarma ya zo da bulala layi ya miƙe, yana juya baya ya watse.

Takalma guda ne kawai ba mai taɓawa, wasu tsofaffi na fata, na mace, a can gaban layi.

Kamyon la'asar ya zo, Mutari yana daga cikin na farko, amma wani ƙato ya bangaje shi har buhu ya faɗi. Kafin ya tattara abin da ya zube, mota ta tashi. Zuciya ta ɗebe shi. Ya ce ashe shi kaɗai ne sakarai a garin nan, ya nufi gaban layi. Danda kamasho, dattijon da ke lodi a tashar, ya riƙe masa hannu.

"Bar su nan, ɗan'uwa," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Mai su tana jiran tata mota."

Mutari ya fizge. Ya sa ƙafa ya shure takalman fatar, ya ajiye nasa na taya a gurbinsu, waɗanda ya ɗaure maɗaurinsu da jar waya. Danda ya juya ya tafi. Aka kira magariba, mutane suka tafi masallaci, shi ya zauna gadin buhunsa.

Kukan tsuntsayen da ke kan dogonyaro ya ɗauke.

Sai ga kamyo ya shigo tasha. Ba fitila, ba ƙarar inji, sai ƙarar yashi a ƙarƙashin taya. Wani ƙamshi ya biyo shi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mutari ya ɗaga kai ya dubi sama, ba ko gajimare. Sannan ya tuna inda ya san ƙamshin. A bana wuri ɗaya ake zuba wa ƙasa ruwa, kuma ya je can sau da yawa, yana ɗauke da makara.

Ya waiwaya. Layi ya cika da mutane.

Abin da ya fi tsorata shi, ba mai turin wani. Kowa na tsaye a bayan na gabansa, hannu a naɗe, kai a sunkuye. Ba tari, ba gardama, ba jin numfashi. Rabon da ya ga layi mai ladabi haka tun yana yaro.

Dab da bayansa wata tsohuwa ce, ƙafarta ba takalmi. Ta yi magana kamar iska na shiga busasshen kara.

"Sa takalmanka, ɗana. Kai ag gaba."

Ya ce ta yi haƙuri ta wuce, wurinta ne.

"Ka amshi wurina, sai ka yi tahiyata."

Ƙofar bayan kamyo ta sauka da kanta. Mutanen ciki suna zaune a jere. A bakin ƙofa ya ga Salifu maƙwabcinsa, wanda shi da hannunsa ya sa a rami kafin azumi. Salifu ya matsa, ya yi masa wuri.

Ƙafarsa ta dama ta ɗaga ba da nufinsa ba. Babban yatsa ya taɓa takalmin. Sanyi kamar ƙasan rijiya.

Ya tuna Zara'u.

Ya yi salati da ƙarfi, ya sungumi buhu, ya zura a guje ba takalmi. Ba wanda ya bi shi. Ba wanda ya ko fita daga layi, kuma wannan ya fi a bi shi ban tsoro.

Da ƙafa ya je Kanambakashe, ƙarangiya ta yi masa kaca-kaca da tafin sawu. Ya tarar da yarinyar da sauran numfashi. Aka dama mata kunu, ta sha, ta rayu.

Tun daga ranar Mutari bai ƙara shiga mota ba, bai kuma ƙara sa takalmi ba. A Tasawa kuwa takalman fata suka ɓace, na taya suka zauna a gaban layi. Danda ya sha jefa su cikin kwata, gari na wayewa suna nan. Aka daɗe ba a ƙara turereniya a tashar ba, abin da bulalar jandarma ta kasa.

Zara'u ta girma, ta yi aure, har ta fara zuwa cin kasuwar Tasawa. Wata rana da magariba ta biyo ta gidan uban da ƙunshi a hannu, tana murmushi.

"Baba, wata tsohuwa mai kirki ta ba ni wuri a tasha. Ta ce in kawo maka wannan, wai kai ko ni, duk wanda ya shirya."

Ta kwance ƙunshin. Takalmansa ne na taya, jar wayar ko tsatsa ba ta yi ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika zauren, a waje kuma yashi ya fara ƙara a ƙarƙashin taya.

Mutari ya dubi 'yarsa. Ya ce ta shiga ciki ta gaida uwarta, sannan ya jawo takalman ya sa.