Notin Da Aka Cinye Wa Kai

Ƙarfe tara da rabi na safe aka bugo waya caji ofis, aka ce an yi sata a garejin gyaran tsofaffin motoci. Sufeto ta tambayi wace mota aka ɗauke. Aka ce ba mota ba ce, bel ne. Bel ɗin kujera, guda biyu.

Ta ajiye wayar, ta ce wa Sajan ya ɗauko makulli.

Mai garejin yana tsaye a bakin ƙofa cikin kwat, da hankici a aljihun ƙirji. Darakta ake kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Ya wuce Sufeto ya miƙa wa Sajan hannu, ya fara zuba bayani. Sajan ya nuna masa da haɓa inda ya kamata ya kai bayanin.

Ko a jikinsa. Ya juyo ya ɗora daga inda ya tsaya. Motar wani dattijo ce, in ji shi, ta haura shekara hamsin, kuma bel ɗinta na asali ne tun daga masana'anta. Gobe masu ɗaukar hoto na wata mujalla za su zo. Jiya bel yana jikin mota, yau babu. Ɓarauniyar ma ya sani: yarinyar da ke ɗinki a ɗakin baya, wadda ko ƙofar makarantar sana'a ba ta taɓa gani ba. Ya ce shi mai tausayi ne, in ta durƙusa ta ba shi haƙuri ta kwashe kayanta, zai janye ƙara.

Sufeto ta buɗe motar ta leƙa ƙasan kujera. An mayar da notunan da ke riƙe bel ɗin cikin ramukansu, amma kawunansu duk sun cinye, kamar ɓera ya gwagwiye su. Ta warware ɗaya da yatsa ta jefa a aljihu.

A ɗakin baya ta sami yarinyar a kan keken ɗinki. 'Yar Allura makanikai ke ce mata. Ta gaida Sufeto, amma ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba sai da ta kai ƙarshen layi.

"An ce ki ba da haƙuri a bar maganar."

"Na ji, ranki ya daɗe. A kai ni sel ɗin."

Ta ce wajen babanta mai ɗinkin tamfol ta koyi allura, sauran kuma daga tsofaffin littattafan motoci da ake zubarwa. Sati uku ta yi a kan bel ɗin nan. Da ruwan ɗumi da sabulu mai sanyi ta wanke su, ta shanya a inuwa, ta ƙirga ɗinkin asali ɗaya bayan ɗaya kafin ta mayar da kowane zare cikin hudarsa.

Sufeto ta ajiye notin a kan keken. Yarinyar ta juya shi, ta yi dariya ta hanci.

"Wannan notin da awon inci aka yi shi. Wanda ya kwance shi sufanar milimita ya sa. Ta ɗan fi shi faɗi, sai ta yi ta zamewa tana cin kansa. In kin same shi ki duba bayan hannunsa."

Ta jawo durowa ta nuna tata sufanar, baƙa, ta tsufa, bakinta ya zauna a kan wani lafiyayyen noti cif.

Ofishin Darakta yana da satifiket bakwai a bango. Sufeto ta karanta su duka, don ba ta da gaggawa. Huɗu na halartar taro ne. Ɗaya taron ma na rabin yini ne. Daga banɗakin ofishin wani wari yake fitowa, na bilic mai cire launin kaya, har yana yaji a ido.

Ta tambaye shi ko ya taɓa motar jiya. Ya ce shi hannunsa na sa hannu a takarda ne. Da ya ɗaga hannun don ya nuna, sai ga filasta a gaɓoɓin yatsu uku. Ya ce ƙofa ce ta datse shi. Sufeto ta ce Allah ya sawwaƙe, ta raɗa wa Sajan magana a kunne.

Ana haka dattijo mai motar ya iso, yana dogara sanda. Motar ta mahaifinsa ce, kuma da wannan bel ɗin aka riƙa ɗaure shi yana ƙarami. Sufeto ta tara kowa a gaban motar, har makanikai.

"Yarinyar nan ba ta da hannu," in ji ta. "Wanda ya yi aikin nan jahili ne. Bai san sufana ba, bai san noti ba. Ina jin ko cokali aka ba shi, haka zai yi."

Wani makanike ya ƙyalƙyale. Wuyan Darakta ya fara kumbura a cikin kwala.

"Mutumin da bai taɓa karanta ko shafi ɗaya a kan mota ba," Sufeto ta ƙara.

"Sufanar daidai take," in ji Darakta. "Notin ne ya yi tsatsa."

Kowa ya juyo ya dube shi.

"Babu tsatsa, yallaɓai," in ji 'Yar Allura. "Ranar Litinin na shafa musu giris."

Sajan ya fito daga ofis da bokiti, daga bayan tankin banɗaki ya zaro shi. Bel biyu ne a ciki, baƙinsu ya koma ruwan toka dabbare-dabbare. Sufeto ta ja ɗinkin da yatsa biyu, zaren ya tsinke ba gardama.

Darakta ya zauna a kan taya, ya manta da kwat. Ya ce shi gani ya yi ba sa ƙyalli, kuma mujalla ce za ta zo. Da aka tashi aiki ya kwance su ya jiƙa a bilic, yana nufin minti goma, sai waya ta ɗauke masa hankali. Da ya ga abin da ya faru, ya tuna akwai wadda ba ta da satifiket.

Dattijon ya daɗe yana shafa bel ɗin da babban yatsa. Ya tambayi yarinyar ko za su gyaru.

"Sun mutu, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kawunan ƙarfen suna nan. Zan ɗinka musu sabon bel, ɗinki iri ɗaya, kuma duk wanda ya tambaya zan ce masa sabo ne."

"Yaushe, 'yata?"

"Ran da ka fitar da motarka daga nan. Ni yau zan kwashe kekena."

Sufeto ta sanar da Darakta laifinsa: ɓarnata kayan mutum da kai ƙarar ƙarya. Ya roƙi kada a sa masa ankwa a gaban ma'aikata, aka bar shi. Ya nufi kujerar gaba ta motar 'yan sanda, Sajan ya buɗe masa ta baya.

Sufeto ta tayar da mota, ta dube shi ta madubi.

"Darakta, ɗaura bel."

Ya ja, ya maƙale. Ya sake finciko shi, ya ƙara maƙalewa. 'Yar Allura ta zo wucewa da kan keken ɗinkinta a kafaɗa, ta tsaya a taga.

"A hankali ake ja, yallaɓai," in ji ta, ta yi gaba.