Allura Ta Ƙi Buɗe Baki

Sufeto tana cikin yi wa 'yarta faɗa a waya a kan wankin da ta jiƙa ta bari, sai Saja ya leƙo ofis.

"Madam, an kira daga kwaleji. Shugaban laburarensu ya faɗi a ofis, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce bai yarda da mutuwar ba."

Ta ce wa yarinyar, "Zan dawo kanki," ta ɗauki hularta.

Ofishin marigayin wani ɗan ƙuƙut ne a bayan teburin tambaya, inda ɗalibai ke zuwa a nuna musu yadda ake neman bayani. Filas ɗin shayi yana kan tebur, ga kofi ɗaya da saura a ciki. Sufeto ta buɗe ƙaramar durowar kofuna. Duk a bushe suke, ban da guda ɗaya da aka kife da ruwa a jikinsa.

"Ya yi baƙo," ta ce. "Baƙon da ya damu ya wanke kofinsa. Saja, kwashe duka a kai wa likita."

Wani dogon mutum mai farin gashi ya shigo ba sallama. Shi ne shugaban tsangayar ilimi, kowa Dakta yake ce masa.

"Sufeto, kada ki wahalar da kanki. Akwai wata yarinya cikin ɗaliban da ke taimakawa a teburin can. Jiya an ji ta tana ɗaga masa murya. Ita ke kai masa takardu, ita ke shiga ta fita yadda take so."

"Kai ka ji ta?"

"Ni? Rabona da laburaren nan tun zangon da ya wuce. Gaya mini aka yi. Ki ɗauke ta kawai, kwalejin nan tana da suna."

"Yallaɓai, ni ba na ɗaukar mutum kawai."

Yarinyar tana zaune a teburin, idanunta jawur, amma bayanta a miƙe. Siririya ce, 'yar aji uku. Abokan karatunta suna ce mata Allura, wai ko ina abu ya shige sai ta zaƙulo shi. Wani ɗalibi ne a gabanta yana neman littafi a kan ruwa.

"Ruwan me?" take tambayarsa. "Na sha, na noma, ko na sama? Wane malami ya ba ku aikin?"

Sai da ta tatso shi sannan ta gano famfon unguwa yake son rubutu a kai. Ta juya masa kwamfutar, ta nuna masa kalmomin da zai haɗa da waɗanda zai cire, ta sallame shi. Sannan ta ɗago.

"Ana jiranki tun ɗazu," in ji Saja.

"Shi ya riga ku zuwa."

Sufeto ta ja kujera. "Mene ne aikinki a nan?"

"In amsa tambaya. In ta fi ƙarfina in kai wa Shugaba, wato marigayin. In mayar da littattafai wurarensu, in bi layi in duba lambobi, in goge abin da aka nema a kwamfuta kafin wani ya zauna."

"Kun yi faɗa da shi jiya."

"Mun yi. A kan aiki."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Likita ne. Ya ce marigayin yana shan maganin zuciya, kuma an niƙa masa wata ƙwaya a shayi wadda ba ta haɗuwa da shi ko kusa. Ba kowa ya san wannan ba, in ji shi, sai wanda ya karanta ko aka gaya masa.

Ta ajiye wayar. "Kuna da littafin da ke bayanin magunguna?"

Allura ta tashi, suka bi ta. Ta tsaya gaban wata kanta, ta kai hannu, sai giɓi. Ta yamutsa fuska. Ta fara bin layukan tana jan yatsa a kan lambobin da ke bayan littattafai, ta sha kwana, ta sake shan wata, har ta tsaya a sashen tarihi. Ga shi nan, ƙato mai jan bango, an cusa shi da ƙarfi tsakanin wasu ƙanana.

"Kada ki taɓa," in ji Sufeto.

"Ni ban sa shi nan ba. Wanda ya yi sati ɗaya a teburinmu ba zai sa shi nan ba. Ga sanarwa can, a bar littafi a kan tebur mu za mu mayar. Wannan wani ne ya karanta a ɓoye, ya ji motsi, ya cusa inda ya samu."

"Yaushe rabonki da shi?"

"Farkon makon nan. Na mayar da shi wurinsa da hannuna."

"Don me kika ɗauko?"

"An yi mini tambaya."

"A kan maganin zuciya?"

Allura ta gyara wani littafi da ya karkace.

"Wa ya tambaye ki?"

"Ba zan faɗa ba."

Saja ya yi dariyar mamaki. "Ke, kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Ranar da na fara aiki, Shugaba ya zaunar da ni ya ce abin da mutum ya tambaya a teburinmu amana ce. Akwai mai tambaya a kan cutar da ko mahaifiyarsa ba ta san yana da ita ba. Akwai mai tambayar yadda ake kai ƙarar miji. In na faɗi na yau, gobe wa zai zo?"

"Mutumin da ya koya miki haka yana kwance a ɗakin ajiye gawa," in ji Sufeto. "Kashe shi aka yi."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ki kawo takardar kotu, Madam. Ko ki samo mai tambayar ya ce in faɗa. Ban da haka, ko yanka ni za ku yi."

Sufeto ta dube ta. Sa'ar 'yarta ce, har taurin kan iri ɗaya. Ranta ya ɓaci, wani gefen kuma yarinyar ta burge ta.

"To, tashi mu je ofis."

"Bari in kashe kwamfuta."

Kafin la'asar shugaban Sufeto ya kira ta sau biyu. Dakta ya yi masa waya, wai me ake jira ba a rubuta wa yarinya tuhuma ba.

"Ranka ya daɗe, ƙin magana ba kisa ba ne," ta ce. "In kana so a rubuta, sai dai ka sa wani. Hannuna ba zai rubuta ba."

Ta ajiye kan wayar da ƙarfi har Saja ya zabura. Allura tana kan benci a waje, an ba ta ruwa ta ƙi sha.

Sai ga wata mata ta shigo, ƙanwarta tana riƙe da hannunta. Fuskarta a kumbure. Matar marigayin ce.

"An ce kun kama yarinyar nan saboda ta ƙi faɗin wanda ya tambaye ta magani. Ni ce."

Sufeto ta miƙa mata kujera. "Ke?"

"Maigidana ba ya jin magana. In ƙafa ta yi masa ciwo sai ya sayi abin da ya ga dama ya haɗiye. Ya hana ni zuwa wurin likitansa, wai ina mayar da shi jariri. Rannan na san yana taro, na lallaɓa na je wurin 'yar nan na ce ta duba mini abin da bai kamata ya haɗa da maganinsa ba. Ta buɗe littafi ta karanta mini, har ta ce in tabbatar wurin likita don ita ba likita ba ce. Na roƙe ta kada ya ji." Ta goge ido da gefen mayafi. "Kare shi na je yi."

Sufeto ta dubi bencin da ke waje. Da yarinyar ta furta da safe, da yanzu wannan matar ce a kan benci.

"Da take karanta miki, akwai wani kusa?"

"Akwai layi. Dakta ne ma a bayana. Da na juyo har ya ce mini Allah ya ƙara wa maigida lafiya."

"Dakta na tsangayar ilimi? A cikin laburare, makon nan?"

"Shi fa."

Sufeto ta sa aka shigo da Allura. Matar ta kama hannunta. "'Yata, na sake ki. Faɗa musu."

"Haka aka yi, Mama ta faɗi daidai. Yana bayanta. Da layi ya zo kansa na ɗago, ya tafi."

"Me zai kawo shi teburinku?"

"Ina jin a kan aikin da muka yi faɗa da Shugaba ne. Wannan ba sirrin mai tambaya ba ne, aikin ofis ne, zan faɗa. Za a yi baje kolin rubuce-rubucen malamai. Shugaba ya ce in nemo kundin digirin kowane dakta. Na samo na kowa, ban da nasa. Na nema da sunansa, na juya rubutun sunan ta kowace hanya. Na nema da take, da shekara, da sunan malamin da ya ce ya duba shi. Na shiga rumbun jami'ar da ya ce ya yi. Ƙarshe na tura wa laburarensu saƙo. Suka ce ba su taɓa yin ɗalibi mai wannan suna ba."

"Sai kuka yi faɗa."

"Na ce a kai wa hukumar kwaleji. Shugaba ya ce a'a, abokinsa ne tun suna samari, zai kira shi su sha shayi ya ba shi dama ya sauka da mutuncinsa. Na ce wannan rufa-rufa ce. Abin da na faɗa masa na ƙarshe ke nan."

Ta sunkuyar da kai. Sufeto ta ce wa Saja, "Je ka ɗauko jan littafin nan ka kai wurin masu zanen yatsa, shafin maganin zuciya nake so. Gobe da safe za mu gai da Dakta."

Ofishin Dakta ya ninka na marigayin sau uku. Ya tarbe su a tsaye.

"An rubuta mata tuhumar?"

"Saura kaɗan, yallaɓai. Taimako muke nema." Ta juya kwamfutarsa ta fuskance shi. "Nemo mana kundin digirinka."

Ya kalli kwamfutar, ya kalle ta. "Wane irin raini ne wannan?"

"Ka ce rabonka da laburare tun zangon da ya wuce. Matar marigayin ta gaisa da kai a layi makon nan. An samu yatsun mutum uku a shafin maganin zuciya. Biyu mun san masu su, na ukun Saja ya zo da tawada mu gwada. Mai shara kuma ta ga ka fito ta ƙofar bayan laburare jiya da safe, hannunka a jiƙe. Ga kwamfuta, ga tawada. Da wacce za mu fara?"

Dakta ya zauna a hankali. Ya cire tabarau ya ajiye. Sufeto ta zaci zai rushe da kuka, sai ta ga ya ɗaga haɓa.

"Shekara nawa ina koyarwa a nan? Rabin malaman kwalejin nan ni na koyar da su. Wa ya taɓa fita ajina ya ce ban iya ba? Takarda ce kawai ban da ita."

"Shi ya sa ka kashe shi?"

"Na je teburin ne in ce wa yarinyar ta bar binciken, sai na ji abin da take karantawa. Ban yi niyyar komai ba a lokacin. Na koma na duba littafin, na sayi ƙwayar, na ce ko ba zan yi amfani da ita ba. Jiya na roƙe shi. Ni, na durƙusa masa! Ya ce in rubuta takardar ajiye aiki, zai rufa mini asiri. Wane asiri? In koma gida in ce wa 'ya'yana me? Ya tashi ɗauko sukari, na zuba masa garin ƙwayar a kofi." Ya dubi Sufeto ido cikin ido. "Da ya yi shiru, da yana nan da ransa."

"Da ka yi karatun, da ba mu zo ba. Tashi."

Saja ya fito da ankwa. Dakta ya miƙa hannu da kansa, ya ce a gyara masa wuyan riga.

Hanyar zuwa wurin motarsu ta bi ta gaban laburare. Ɗalibai sun cika matakala. Allura tana bakin ƙofa da tulin littattafai a hannu. Dakta ya ja ya tsaya.

"Ke kika jawo wannan duka. Ke da shegen bincikenki."

Sufeto ta buɗe baki za ta tsawata masa, yarinyar ta riga ta.

"Suna aka ba ni in nema, yallaɓai. Na nema, ban samu ba, na faɗa. Sauran duk aikinka ne."

Saja ya dafa kan Dakta ya shigar da shi bayan mota, ya rufe ƙofa. Sufeto ta zagaya ta zauna gaba, ta ce wa direba, "Mu je."