Sifilin da Tela Ya Rubuta

Dab da magariba ɗalibai suka watse, Malama ta tsaya ita kaɗai a ɗakin koyon kwamfuta saboda Tela. Dattijo ne mai nacin tsiya, kullum da yamma yakan rufe keken ɗinkinsa ya zo koyon rubuta manhaja da yatsa ɗaya.

"Malama, tawa cinye kowa take yi," ya ce yana gyara hula. "Ki duba min don Allah, kar 'ya'yana su samu abin dariya." Ya yi mata sallama ya tafi.

Wasan lissafi ne mai sauƙi. Mutum takwas a da'ira, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, na ukun ya fita, a yi ta yi har saura mutum ɗaya. Ɗazu ma da kujeru suka gwada shi, suna nan a zagaye yadda aka bar su. Shi kuwa Tela, aikin sabon shiga, maimakon lambobi sai ya zuba sunayen 'yan ajin, har da nata.

Ta zauna a kan kujera ɗaya cikin da'irar, ta ɗora kwamfutar a cinya, ta kunna manhajar.

Suna na farko ya goge daga allon. Kujerar da ke gabanta ta ja baya, ƙiiiit.

Ta ɗago kai. Ba kowa. Fanka a kashe, taga a rufe, amma ɗakin ya ɗauki wani ƙauri kamar na gashin da ya taɓa wuta.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Raɗa ce, kuma ba daga kwamfutar take fitowa ba. Suna na biyu ya tafi, wata kujerar ta ja baya.

Ta yunƙura za ta miƙe, ta ji kamar an manna ta da kujerar. Idonta ya sauka kan layi na tara na manhajar. Ga kuskuren nan ƙuru-ƙuru: Tela ya ce a ci gaba da cirewa har saura sifili. Ɗaya ya kamata ya sa. A wasansa ba mai tsira.

Ta goge sifilin ta sa ɗaya. Sai ta tuna abin da ita da bakinta take nanata musu: manhajar da ke gudana ba ta jin gyara sai an tsayar da ita.

Ta danna maɓallin tsayarwa. Ta sake dannawa. Ko gezau.

Saura uku. Saura biyu. Hawaye ya zubo mata.

Saura ita.

"Ɗaya." Numfashi mai sanyi ya sauka a goshinta.

"Biyu." Haruffan sunanta suka fara gogewa.

Ta tattara ƙarfin da ya rage ta maka kwamfutar da ƙasa. Allon ya mutu. Ta faɗo daga kujerar, da rarrafe ta kai ƙofa.

Washegari 'yan ajin suka zo lafiya lau, tunda ba su ne ke zaune a kujerun ba. Ta ce wa Tela ya sa ɗaya, ya yi ta godiya.

A gida ne abin ya fito. Mahaifiyarta ta leƙo daga ɗaki za ta kira ta, ta buɗe baki, ta tsaya, sunan ya ɓace mata. Ta daɗe tana kallon 'yarta, idanunta suka cika da ƙwalla.

"Ke," ta ce a hankali. "Ke... zo ki ci abinci."