Ranar da Baba Ya Zagi Ardo

"Adila, akwai matsala... Jiya Babanki ya gaishe ni, har da 'sannu da zuwa, Malam Zainu.'"

Zainu ne, saurayina, ya tare ni da wannan magana. Na dire tuluna a bakin kogi na zuba masa ido.

"Malam ya ce maka? Shi ke nan, mun shiga uku!"

Baƙo zai ce mene ne abin tashin hankali a gaisuwa. To mu Barebari ne, su Zainulabideen Fulani, abokan wasa tun kaka da kakanni. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Babana, Malam Bunu, ya kira Ardo, mahaifin Zainu, da wani suna ba sai "bawana." Ardo ma haka yake ramawa. Ranar da ka ji sun koma gaisuwar mutunci, to ba lafiya ba.

Ba lafiyar kuwa. Ana gab da yankan shinkafa shanun rugar Ardo suka faɗa fadamar Baba suka yi mata kaca-kaca. Aka zare sanduna, matan ruga suka daina kawo nono, maganar aurenmu kuma Baba ya ce a jingine ta.

"Ina sonka har cikin raina, Zainu, amma ba zan tsallake maganar Baba ba," na faɗa masa.

"Ni ma ban ce ki tsallake ba, hasken idona. Jibi za a yi zaman sulhu a ƙofar dagaci. Ki yi mana addu'a."

Addu'a na yi, kuka ma na sha, a ɗakin kakata Iya Gumsu.

"Duk a kan wannan siririn Bafillatanin mai kama da sandar kiwonsa?" Ta taɓe baki. "Share hawayenki, ranar taron ki miƙo min sandata."

Ranar zama mu mata muka laɓe bayan zana. Har baƙo aka turo daga Haɗejia, jami'in kwamitin zaman lafiya. Sai murna yake yi, wai bai taɓa ganin masu rigima da ladabi irin wannan ba. Bawan Allah! "Ranka ya daɗe, Ardo." "Allah ya ba ka nasara, Malam Bunu." Kowa fuska a murtuke, ba mai faɗin abin da ke ransa.

Kwatsam sai ga Iya tana dogara sanda har tsakiyar maza.

"Kai Ardo! Bawan gidanmu! Yaushe ka yi girman zama kan kujera ina tsaye?"

Jami'in ya miƙe a firgice yana waigen ƙofa. Ardo ya daɗe yana kallonta, sai gemunsa ya fara rawa.

"Oh ni! Wa ya kwance min tsohuwar baiwata? Kun sha nonon shanuna kun yi ƙiba, yau kuma ni ne bawa?"

Dariya ta ɓarke, kuma daga nan bakin kowa ya buɗe. Ardo ya ce ciyawar kacala ce ta toshe kogi, ruwa ya malale burtali, shanu suka rasa hanya, amma yaransa ma sun yi sakaci. Iya ta nuna Baba da sanda.

"Kai kuma Bunu, burtalin da ka haɗa da gonarka fa?"

Baba ya sunkuyar da kai. Aka tsayar da magana: za a yi gayyar yanke kacala, a mayar da burtali yadda yake, shanun Ardo kuma su yi rani a gonar Baba su ba ta taki.

Kowa ya tashi da fara'a ban da ni, don na ji abin da Baba ya ce da za a watse: "Na gode, Alhaji Ardo." Ashe har yanzu da sauran rina a kaba.

Ranar gayya manoma da makiyaya suka shiga ruwa da lauje, mu kuma muka kai fura bakin gaɓa. Ardo, da bai san kan kwalekwale ba, ya ce lallai sai ya tuƙa. Ya miƙe tsaye, jirgin ya juya, sai ji muka yi tsundum!

Baba ne ya fara isa, ya cafko wuyan rigarsa ya ɗago shi. Ardo na tari, malfarsa na bin ruwa. Baba ya so ya cije, ya kasa.

"Wawan Bafillatani! Ruwa iya cibiya zai cinye ka? Tashi, bawana, kar ka ja min asara!"

Ludayin hannuna ya faɗi cikin fura.

"Jumma'a ka turo mutanenka," in ji Baba yana dariya har da hawaye. "Na ba ɗanka Adila, ko rugarku ta samu mai hankali guda ɗaya!"

"Mun karɓi baiwa, Allah ya sa albarka!" Ardo ya amsa.

Iya ta rangaɗa guɗa. Na hango Zainu cikin ruwa, taɓo har goshi, yana min murmushi. Na rufe fuskata da mayafi ina kuka ina dariya. Wallahi tunda aka haife ni ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.