Kukan Wule a Balan

Daren Talata aka ji kukan saniya a gidaje da dama na Balan, lokaci guda, har gidajen da ko akuya babu.

Da hantsi Insifekta Kolo ya iso daga Gaya. Ya sami Malam Bubayero, tsohon makiyayi, zaune a garken da ba kowa, waya a cinyarsa.

"Muryar Wule ce, saniyata," in ji tsohon. "Sharfaddeen ɗan ƙanena ya naɗe muryar a waya kafin in sayar da garken. Ya ƙera mana manhajar ajiyar kirifto, kuɗin nan na intanet, mu mutanen Balan muka zuba komai. In kuɗi sun fita, sai ta yi kuka."

"Jiya fa?"

"Ta yi wa kowa kuka. Asusunmu wayam."

Kolo ya tarar da Sharfaddeen a shagonsa na cajin waya a Ajingi.

"Ranka ya daɗe, manhajar a buɗe take. Duk duniya na iya karanta yadda na rubuta ta. Na ma sa gargaɗi cewa ban ɗauki alhakin kowa ba."

"Da wane yare?"

"Turanci."

"Baffanka na jin Turanci?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ma ɓarayin intanet ɗin sun kwashe nawa jiya."

Hanne mai fura, da ke zaune a ƙofar shagon, ta yi dariya. "Jiya? Yallaɓai, tun ranar kasuwar da ta wuce wayarsa ta yi kukan saniyar. Har na leƙa in kore ta daga ƙwaryata."

Kolo ya miƙa hannu. Wayar Sharfaddeen ta tabbatar da maganarta.

"Na gano wata ɓaraka a manhajar," Sharfaddeen ya ce a hankali. "Na janye nawa, na ce zan toshe ta a ɓoye. In na faɗa, Baffa zai daina nuna ni a masallaci yana cewa ɗanmu ne."

"Amma ka ci gaba da karɓar na mutane."

"Na ci gaba."

Da motar 'yan sanda ta biya ta Balan, Bubayero bai dubi Sharfaddeen da ke cikinta da ankwa ba. Kolo ya nemi wayar tsohon don shaida.

"Don Allah kada a goge muryar, yallaɓai. Ita kaɗai ta rage mini."

Tsohon ya latsa. Wule ta yi kuka a garken, dogo, kamar ta hango gida da yamma.

Wani maƙwabci ya leƙo ta saman danga. "Malam, an dawo da shanun ne?"